Jan Zare a Wuyan Kwalba

Yayana gidaje yake ginawa, amma babu wanda ya taɓa kwana a cikin ko ɗaya. Wanda ya fi girma a cikinsu za ka ɗora shi a kan faranti ka ɗauka da hannu biyu. Masu zanen gine-gine ne suke kawo masa takarda, shi kuma ya zauna da kwali da roba da reza ya fitar musu da ginin ɗan mitsitsi, da tagoginsa da matakalarsa, har da 'yan bishiyoyi na soso a tsakar gida, don mai gini ya ga abinsa da ido tun kafin a haƙa tushe. Mutanen layinmu Mai Tsinke suke ce masa, saboda ba ka raba bayan kunnensa da tsinken sakace. Ba haƙori yake sakacewa da shi ba, gam yake ɗiba.

Ni ce ƙanwarsa. Mu biyu kaɗai Inna ta haifa, kuma duk wanda ya san mu ya san ni aka ba wa bakin gidan gaba ɗaya. Yaya sai ya wuni bai ce uffan ba. Tun muna yara haka yake, yara na waje suna ƙwallo, shi yana ƙarƙashin gado yana haɗa mota da kwalin ashana. Inna ta yi faɗan har ta gaji, daga baya ita ce ma take tara masa kwalayen. Da babanmu ya rasu, da keken ɗinki ta riƙe mu, kuma da ido ɗaya, don na hagun tun tana budurwa wani ciwo ya tafi da shi. Da na daman nan ta zura zare a allura shekara da shekaru har muka zama mutane. Da tsufa ya zo, likita ya ce shi ma yana da hawan jinin ido, sai an riƙa ɗiga masa magani kullum safe, ba fashi. Maganin kuma a firij ake ajiye shi.

Inna tana zaune a gidan Yaya. Ni kuma bayan layinsu nake aure, kullum sai na biya na gaishe ta kafin na buɗe shagona. Ɗiga maganin nan aikin Yaya ne shi kaɗai. Ni na taɓa gwadawa sau ɗaya, na wanke mata kunci da shi, ta ce, "Tashi ki ba ni wuri, hannunki kamar na mai kaɗa ƙwai." Na Yaya kuwa ko motsi ba ya yi. Mutumin da yake manna tagar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, ai ɗiga magani a ido wasa ne a wurinsa.

To, gam ɗin da yake aiki da shi sufa gulu ne, wannan mai kama yatsu kafin ka ce me. Yaya yana girmama shi yadda ake girmama suruki. Ba ya matsa shi kai tsaye a kan aiki. Sai ya ɗiga ɗigo ɗaya a murfin kwalbar lemo, ya ciro tsinken nan daga kunne, ya dangwalo, ya taɓa gefen kwalin, ya haɗa, sannan ya ɗan hura masa iskar baki. Na taɓa tambayarsa hurawar ta mece ce, ya ce, "Danshi yake jira. Da ya ji danshi ya kama, shi ke nan." Ban san wata rana maganar nan za ta dawo ta tsaya mini a wuya ba.

Saboda danshin nan ne yake ajiye shi cikin wata kwalbar gilashi mai murfin murɗawa, da ɗanyar shinkafa a ƙasanta tana shanye raɓa, kwalbar kuma a can ƙasan firij. In zai yi aiki ya fito da ita ya bar ta sanyin ya sake ta tukuna. Matarsa ta sha mita, wai firij ɗin kowa nama da madara, nata gam. Duk wannan ban ga laifinsa ba. Inda muka raba gari da shi, 'yan kwalaben da yake zuba gam ɗin ne.

Babban gam yake saya, mai yawa, bakinsa kuma toshewa yake yi. Sai ya lura 'yar kwalbar maganin idon Inna, idan ta ƙare, babu abin da ya kai ta fitar da ɗigo ɗaya tak, ga murfinta yana rufuwa gam. Shi ke nan, duk wadda ta ƙare sai ya wanke, ya shanya ta bushe ƙarau, ya ɗura gam a ciki. Kwalba iri ɗaya, takarda iri ɗaya, murfi iri ɗaya. Abin da ya bambanta su, jan zare da yake ɗaurawa a wuyan ta gam.

Ranar da na fara gani na tare shi. Na ce, "Yaya, kai yanzu don Allah duk kwalaben duniya ka rasa ta zuba wannan masifar sai ta idon Inna?"

Ya ce, "Ga zare."

"Zaren banza! In ya kunce fa?"

"Ba ya kuncewa. Kuma wannan ƙasa take, ta Inna tana ƙofar firij. Ina suka haɗu?"

Na yi magana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Shi kuwa sai ya yi murmushin nan nasa mai ƙona rai, ya ci gaba da yankan kwalinsa. Shekaru suka wuce ba abin da ya faru, har ni ma bakina ya mutu. Sabo turken wawa.

Lokacin da abin zai faru, wani babban aiki ne a gabansa, makaranta guda da azuzuwanta, masu ita kuma sun matsa masa lamba. Da yamma gam ɗinsa ya ƙare, ya ɗura sabo a wata kwalbar da ya wanke. Yana laluben zare waya ta yi ƙara, masu makarantar ne. Ya tafi yana amsawa da kwalbar a hannu, ya buɗe firij da niyyar ya ajiye ta na ɗan lokaci, ya sa ta a ƙofa. Daga nan aiki ya ɗauke masa hankali. Wannan duk daga baya ya gaya mini.

Da safe na shigo na tarar da Inna kwance a doguwar kujera, ta ɗora kai a matashi yadda ta saba, tana ba ni labarin wata maƙwabciya da ta haihu. Yaya ya fito daga kicin da kwalba a hannu, idanunsa ja saboda aiki. Ya durƙusa, ya ja fatar idonta ta ƙasa da yatsa, ya ɗiga. Ɗigo ɗaya, a tsakiya, kamar kullum.

Warin ne ya fara dukan hancinsa. Na ga fuskarsa ta sauya tun kafin Inna ta yi ƙara. Ta ƙifta sau ɗaya, ta zabura zaune tana cewa, "Wayyo Allah! Babba, me ka zuba mini? Wuta ce! Wuta!" Babba take ce masa. Ta kai hannu za ta murza, ya cafke hannayenta duka biyu.

Ni ban gane ba tukuna. Na dubi kwalbar da ta faɗi ƙasa, babu zare. Na ce to mene ne? Sai na dubi idon. Fatar sama da ta ƙasa sun haɗe, gashin idon ya dunƙule ya yi fari-fari ya sandare. Inna tana ta ƙoƙarin buɗewa, girarta tana ɗagawa, goshinta yana tattarewa, idon ko gezau. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na zari audugar da ke kan tebur zan goge, Yaya ya daka mini tsawar da tunda aka haife ni ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. "Kar ki sa auduga! Zafi yake ɗauka da auduga, ƙona ta za ki yi! Ruwa! Ruwan ɗumi!"

Matarsa ta rugo da buta. Muka kwantar da Inna a gefe muna kwarara ruwa, yana gangarewa ta kunne ta wuya, rigarta ta jiƙe sharkaf. Ina cewa a ja fatar a buɗe, shi yana cewa kar wanda ya ja, zai yage. Ya san halin abin nan fiye da kowa, kuma sanin ne yake kashe shi. Bakinsa yana ta motsi, da na matsa sai na ji abin da yake maimaitawa: "Ido ai duk danshi ne. Duk danshi ne."

Inna ta daina ihu. Wannan ya fi ihun tayar mini da hankali. Ta lalubo zanena ta damƙe, ta ce a hankali, "Auta, ba na ganin komai. Ko haske."

Maƙwabcinmu direba ne ya kai mu asibitin ido. A hanya duk ramin da motar ta faɗa sai Inna ta firgita ta ƙara damƙe ni, don ba ta san daga ina abu zai zo mata ba. Yaya yana gaba, ya riƙe kwalbar nan a hannu ya ƙura mata ido har muka isa.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta karɓi kwalbar ta shinshina, ta dubi Yaya ta saman tabarau, ba ta ce masa komai ba. Wallahi gara ta zage shi. Ta sa ɗan almakashi ta datse gashin idon kaf, ta shafa wani man shafawa, ta gwada ɗagawa a hankali, Inna ta yi ƙara, ta bari. Ta ce ba za ta tilasta ba, man zai sassauta shi, fatar za ta saki da kanta cikin 'yan kwanaki. Ta rubuta ƙwayoyin da za su riƙe hawan jinin tunda ba hanyar ɗiga magani.

Na ce, "Likita, in ya buɗe za ta gani?"

Ta ce, "Sau da yawa ana gani. Amma idon nan dama ba lafiyayye ba ne, kuma ban san abin da ke ƙarƙashi ba sai ya buɗe. Ba zan yi miki alkawarin abin da ban gani ba."

A barandar asibitin na sauke wa Yaya kwandon bala'i. Na ce ina zaren? Na ce ga inda suka haɗu, ka gani? Na ce matar da ta ciyar da kai da idon nan guda, yau ka liƙe mata shi kamar tagar kwali. Mutane suka tsaya suna kallo, ban damu ba. Hannayensa kawai na ga suna rawa, ya tura su ƙarƙashin hammata ya matse.

Kwanakin da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya ga irinsu. Na rufe shago na tare a ɗakin Inna. Matar da ba ta taɓa yarda wani ya miƙo mata ko takalmi ba, yanzu sai an riƙe ta zuwa banɗaki. Gidan da ta sani kamar tafin hannunta ya zama mata baƙo, ta yi karo da ƙofa, ta yi tuntuɓe da kujera. Rana tsaka, ana zafi kamar me, sai ta ce, "Auta, gari ya waye kuwa?" In na tashi ɗauko ruwa sai na dawo na tarar tana lalube a katifa tana kirana. Ta ce mini ba mutuwa take tsoro ba, duhun nan take tsoro, wai ji take kamar an rufe ta da ranta. Nakan shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana na fito.

Kullum safe nakan jiƙa tsumma da ruwan ɗumi na ɗora mata, na shafa man, na leƙa ko wani gefe ya saki. Ina son ya buɗe, ina kuma tsoron ya buɗe. Muddin yana rufe, akwai sauran wataƙila.

Yaya kuwa bai ƙara taka ɗakin ba. A bakin ƙofa yake zama, ya jingina da bango, in Inna ta yi tari ya miƙe, in ta yi shiru ya zauna. Ya kwashe kwalaben nan duka, masu zare da marasa zare, har da ta shinkafar, ya kai bola. Makarantar tana kan teburinsa rabi ba rufi, masu ita suna ta kira wayar tana ƙara tana katsewa. Matarsa ta ja ni kicin ta ce, "Ki yi masa magana, ba ya cin abinci. Jiya ya ɗauki kofi ya kasa kai shi baki. Ya ce in idon nan bai gani ba, shi da hannun nan sun rabu." Na ce ya mutu mana, ina ruwana. Amma da na fito na gan shi, wuyansa ya yi tsawo, tsinken ma babu a kunne, sai wani sabon tsoro ya kama ni. Na gane in idon nan ya tafi, ba shi kaɗai zai tafi ba.

Inna tana jin numfashinsa a ƙofa. Takan ce, "Babba, shigo mana." Sai ya ce, "Ina nan, Inna." Iyakarta ke nan.

Wata safiya ina goge mata man, sai na ga gefen idon ta wajen hanci ya ɗan rabu, hawaye yana tsatsowa. Muka koma asibiti. Yaya ya raka mu har ƙofar likita ya toge, ya ce a nan zai jira.

Likita ta sa maganin kashe zafi, ta bi fatar a hankali da ɗan ƙarfe, tana ɗagawa kaɗan-kaɗan. Ni ina riƙe da ƙafafun Inna, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, wata ma ban kai ƙarshenta ba nake kama wata. Idon ya buɗe, ja wur. Ta sa hantsaki ta zaro wani ɗan ɓawo mai tauri kamar ɓawon kifi ta ajiye a faranti. Ta haska fitila ta daɗe tana dubawa.

"Mama, me kike gani?"

Inna ta ƙura ido. Can ta ce, "Haske. Ga haske nan."

"Yatsuna fa, nawa ne?"

"Ina dai ganin abu yana motsi."

Likita ta ce gam ɗin ya kankare baƙin idon, ciwon zai warke, amma zai iya barin tabo. Hazon da take gani zai iya raguwa, zai iya zama. Ta ƙara wani magani a kan na da, ta ce a ci gaba da ɗigawa kullum.

Na tsaya ban san ko na yi hamdala ko na fasa ihu ba. Ina ɗaura wa Inna ɗankwalinta sai ta jawo kaina kusa da bakinta.

"Wace riga ce a jikinsa yau?"

Na ce, "Inna, me?"

"Yayanki. Wace riga ya sa?"

Nan take na gane abin da take shirin yi, raina kuma ya ɓaci. Na ce, "Haba Inna! Ki bar shi ya san abin da ya yi."

Ta matse mini hannu da ƙarfin da ban san tana da sauransa ba. "Ya sani. Ido ɗaya na yi asara, ba zan haɗa da ɗa ba. Gaya mini."

Na ce, "Shuɗiya ce, mai aljihu. Maɓalli ɗaya ya cire. Kuma babu tsinke a kunnensa."

Muka fito. Yaya ya miƙe daga benci, bakinsa a buɗe, ya kasa tambaya. Inna ta tsaya, sai na ga ta fuskanci wani mutum dabam da ke tsaye kusa da shi. Na dafa kafaɗarta kamar ina gyara mata mayafi, na ɗan juya ta.

Ta ce, "Kai Babba, wannan shuɗiyar rigar ba ka da wata ne? Dubi maɓalli ma ya cire, kana yawo haka cikin mutane. Ina kuma tsinken naka?"

Yaya ya zube a ƙasa. Ƙaton mutum da furfura a gemu, ya kama ƙafafunta yana kuka kamar yaron goye, yana cewa Alhamdulillahi, yana cewa ki yafe mini. Ta lalubo kansa ta dafa, ta ce, "Tashi, kar ka tara mana jama'a. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Ni na juya baya ina kallon bango.

Washegari na ɗauko maganin zan ɗiga mata, ta ture hannuna. "Ke da kike wanke mini kunci? Kira mini Babba."

Ya zo ƙofa ya tsaya. "Inna, ba zan iya ba."

"To idon ya zauna haka, don ba mai taɓa shi sai kai."

Ta kwanta, ta ɗora kai a matashi, ta buɗe idon nan ja marar gashi ta ɗaga sama tana jira. Na ga yadda ta damƙe gefen kujerar har jijiyoyin hannunta suka fito. Tsoro take ji, wallahi tsoro take ji, amma ba ta ƙifta ba. Yaya ya karɓi kwalbar, ya karanta takardar, ya shinshina, ya ɗiga a ɗan yatsansa ya haɗa da babban yatsa ya matse, ya buɗe, ya sake matsewa, ya buɗe. Sannan ya durƙusa. Ɗigon farko a kunci ya sauka.

Ta ce, "Sake."

Na biyun ya shiga.

Ya gama makarantar nan daga baya, kuma yana nan yana gina gidajensa. Gam ɗinsa yanzu a kwalbarsa ta asali yake zama, cikin akwati mai kwaɗo a ɗakin aiki, in ya bushe ya bushe. Kullum safe sai ya matse maganin nan tsakanin yatsunsa kafin ya kusanci idonta. Duk gidan da ya gama kuma sai ya kawo mata a faranti, ta sunkuya ta daɗe a kansa, ta ce kai, wannan ya fi na baya kyau.

Hazon bai tafi ba. Ni kaɗai na sani, sai likita. Shi ya sa har yau ba na fashin zuwa da sassafe, kuma ta ƙofar ɗakin aikinsa nake bi na leƙa rigar jikinsa tukuna. Ina shiga wurinta, tun ban gama durƙusawa ba, take jawo kaina.

"Auta, yau wace ce?"